Tablon Motar Baba

Dogon Dutsi, 9 ga Maris

Ƙanena Nathanaël,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji Yesu, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Ina aiki, ina Kwatano da danshinta? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya shigo tun kafin lokacinsa. Baba ma lafiya, yana ci yana sha yana faɗa da kowa, idon ne kawai ke ba shi wahala. 'Yan majami'a suna gaishe ka, waɗanda suka tuna da kai ke nan, don shekara tara ba kwana tara ba ce.

Za ka ce me ya kai Yaya Salomé ga takarda alhali ga waya. Wayarka na gaji da ita. In na kira ka, "lafiya lau, lafiya lau" ne har kati ya ƙare. Ga shi kuma kunnen Baba ya ci gadon idonsa, ko bayan rumbu na je na yi raɗa sai ya ji.

Kwalin da Luƙman direba zai ba ka, buɗe shi a hankali. Abin da ke naɗe cikin zane tablon motar Baba ne, allon nan na gaban direba, gaba ɗayansa, da gilashin da alluran. Mani bakanike ya ciro shi. 'Yar tagar nan mai nuna kilomita ce ta mutu, yau shekara huɗu. Da farko da sanyin safiya sai ta nuna, rana na ɗagawa ta dushe. Daga baya sai lambobin suka riƙa fitowa rabi-rabi, kamar ba rubutun mutane ba. Tsohuwar da ke sayar da fura a bakin layinmu ta leƙa ta gani, ta ce ba shakka doguwa ce ta hau motar a hanyar Dogon Kiriya, sai an yanka mata baƙar akuya. Baba ya ce shi shekara goma sha bakwai yana ɗaukar fasinja bai taɓa hana kowa shiga ba, in doguwa ce ta koma baya ta matsa wa mutane.

Mani ya buɗe, ya hura, ya ɗan bubbuga, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai ɗan gidan. Ban faɗa wa Baba inda zan kai shi ba, shi ma bai tambaya ba. Yana zaune a ƙofar gida Mani ya wuce da tablon a hammata, ya kau da kai.

Ban manta da abin da ya shiga tsakaninku ba. Ka rage kilomitan motar wani don ta sayu, Baba ya ji, ya ce hannun da ke maida hanya baya kada ya ƙara taɓa motarsa. Shi ya faɗa, kai ka riƙe, ka ɗauki jakarka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kanku iri ɗaya ne, ni ce a tsakiya ina shan wahalar ku biyu.

Motar tana nan ƙarƙashin itacen bedi, shekara biyu ba ta motsa ba tun da idon ya hana shi tuƙi. Abdurrahman mai shagon kayan gini yana yawan zuwa kwanan nan, ya zagaya ta, ya shafa ta. Shi ne ma ya kawo mata sabon batir.

Ka gyara ka aiko. Amma abin da na fi so, ka kawo shi da hannunka tun Baba yana iya ganin wanda ya shigo. Ina kewarka, Nata, ba zan ɓoye ba. In na dama fura har yau sai na zarce, in zuba ta mutum uku. Na sa maka daddawa da kuka da busasshiyar tafasa a gefen kwalin, kada Luƙman ya ce sun faɗa kogi.

Yayarka,
Salomé

Kwatano, 2 ga Afrilu

Yaya Salomé,

Na gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ina gajiyar lakwal da 'yan makarantarki, ina zafin Arewa? Ki gaishe mini da Mani da duk wanda ya tambaye ni. Ni lafiyata lau. Wayata ce dai ta faɗa ruwa ina bisa kabu-kabu ana ruwan sama, ta mutu murus, in kin kira ba ta shiga ba dalilin ke nan.

Luƙman ya yi kwana goma sha biyu a hanya, kayansa sun daɗe a bakin kogi a Gaya suna jiran kwale-kwale. Daddawa ta iso lafiya. Ina buɗe kwalin duk shagon ya ɗauka, abokan aikina suka toshe hanci, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina don daɗi.

Da na kwance bayan tablon, jar ƙasar hanyarmu na tarar a ciki, ta kwanta a kowane lungu, har da ƙwayar gero guda biyu. Tabloli nawa na buɗe a garin nan ban sani ba, amma ban taɓa tsayawa ina kallon datti kamar wawa ba sai ranar. Sai da na yi da gaske na iya goge ta.

Ki gaya wa mai fura na kama doguwarta. Akwai wani ɗan kirtani mai faɗi, siriri kamar ɓawon albasa, shi ke kai wuta ga gilashin. Manne shi aka yi, zafi kuwa yana ɗaga shi. Da sanyi ya kwanta ya taɓa, sai lamba ta fito, rana ta yi ya tashi, sai ta ɓace. Ga kuma ƙafafu uku da dalmarsu ta tsage. Na ciro wani kirtanin daga tablon da ya mutu, na manna shi da ƙarfe mai zafi, layi bisa layi, ina duba ta madubin ƙara girma ina riƙe numfashi. Na sake wa ƙafafun dalma. Mu ba ma gwada irin wannan aiki a inuwa, don a inuwa kowane tablo mutumin kirki ne. Na ɗora shi bisa kwano da tsakar rana kwana uku. Na ga ranar Kwatano wasa ce in an gwada da ta Dogon Dutsi, sai na aro injin busar da gashi wajen mai kitso da ke maƙwabtaka da mu, na yi ta hura masa zafi har ya gagari taɓawa. Bai ƙifta ba.

Yanzu maganar da ta dame ni. Na karanta layin Abdurrahman sau uku. Ba sai kin ɓoye mini ba, Yaya. A sana'ar nan ba wanda ke aiko tablo tafiyar kilomita dubu sai in zai sayar da mota, ga kuma mai zagaya ta har da sabon batir. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. A cikinta na koyi tuƙi ina bisa matashin kai don in hango gaba. A cikinta aka kai Inna likita tafiyarta ta ƙarshe. Amma motar Baba ce, ba ni da ta cewa.

Tunda za a sayar, na ce gara ta sayu da daraja. Abdurrahman ɗan kasuwa ne, na san kasuwar Ƙwanni zai kai ta, can kuwa lamba ake fara dubawa kafin inji. Don haka na yi mata abin da ake yi wa kowace motar da za ta shiga kasuwa, na sauke kilomitan kusan rabi. Kada ki faɗa wa Baba. Abin da nake da shi ke nan da zan iya yi wa gidan.

Maganar zuwa, ki yi haƙuri. Sau biyu na kai har tasha na dawo. Wanda aka ce kada ya taɓa mota, da wane ido zai shiga gidan? Ba wai ba na so ba ne. In na rufe ido dutsen nan nake gani, yadda yake fara bayyana daga nesa in an fito daga Dosso, da hayaniyar ranar kasuwa. A nan ko Hausar da nake ji ba irin tamu ba ce.

Ga tablon nan da wannan takarda a hannun Luƙman, gobe zai tashi.

Ƙanenki,
Nathanaël

Dogon Dutsi, 5 ga Afrilu

Nathanaël,

Gaisuwa da fatan alheri. Kwana uku ina kiran lambarka ba ta shiga, Allah ya sa lafiya. Ban ji komai daga gare ka ba tun da Luƙman ya tafi, don haka na ba Kabiru mai motar albasa wannan, ya ce zai nemo shagonka.

Shekaranjiya na kai Baba wajen likitan ido a Dosso. Ba yana ba ce kamar yadda muka yi zato, da an cire. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura kaɗan, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, da safe ya fi gani. An ba shi maganin ɗigawa, amma likitan ya ja ni gefe ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma bai yi mini alkawarin zai kai ƙarshen damina ba.

A mota muna dawowa Baba yana jingine da taga har muka wuce rabin hanya. Can ya ce, "Salomé, ni nac ce ma Mani shi hidda tablon ga. Ni nac ce shi sa miki baki ki aika." Na ce ashe ka sani. Ya ce, "Dut ƙasag ga wa ad da hannu irin na ƙanenki? Mani ya ce ko taga ta mutu, ciki shina ƙidaya, bai daina ba. So nike in gani da idona iyakar tahiyar da niy yi. Shekara goma sha bakwai bisa hanya, ban san nawa ta ba."

Ka ji dalilin. Ba ya son komai sai lambar nan. Ya ce amare nawa ya kai, marasa lafiya nawa, gawa nawa, Kirista da Musulmi da 'yan bori, daga Ɗan Kassari har Tibiri, duk suna cikin lambar. Shi ya sa ma Abdurrahman ke zagaya motar. A kujerar baya aka haifi ɗansa na fari, Baba yana gudu da matarsa zuwa likita. Da ya ji abin da Baba ke so sai ya kawo batir don ranar da za a kunna.

Na san ba za ka taɓa lambar ba, motar gida ce. Amma na faɗa don hankalina ya kwanta. Ka hanzarta, kuma ina ƙara roƙonka ka biyo shi. Mutumin da ya ce kada ka taɓa motarsa shi ne ya aika maka da ita, me kuma kake jira ya yi?

Salomé

Kwatano, 19 ga Afrilu

Yaya,

Na gaishe ki. Yaya jikin Baba? Kabiru ya same ni jiya da hantsi. Takardunmu sun yi saɓani a hanya, yanzu na san tawa tana hannunki, kin karanta abin da na yi.

Ban iya cin abinci ba tun jiya. Na ajiye aikin mutane na fita na yi ta tafiya har bakin teku ban san inda za ni ba.

Za ki ce in maida lambar yadda take. Ba zan iya ba, ga dalili. Wanda ya koya mini aikin nan a garin nan, abin da ya fara koya mini shi ne lambar da ba ka rubuta ba, ba ka gan ta ba. Ba ma rubuta tsohuwar lamba, ba ma faɗinta da baki, don kada wata rana a tsayar da mutum a ce ya yi shaida. In ta fito a kan injin da muke canza lamba da shi, babban yatsa muke ɗorawa a kai. Injin ma yana tambaya ko a adana tsohuwar, mu kuwa a'a muke dannawa. Shekara tara ina danna a'a. Ranar ma hannuna ya danna kafin kaina ya yi tunani. Sabo turken wawa. Abin da na iya tunawa kawai, da biyar ta fara. Dubu ɗari biyar da wani abu. Wani abun nan shi ne ban sani ba, shi ne kuma Baba ke nema.

Da na tambaye ki da layi ɗaya kafin in taɓa, da ba haka ba. Na ga sunan Abdurrahman na yanke hukunci ni kaɗai, don ina jin haushin za a sayar ba a shawarce ni ba. Da na sani ƙeya ce.

Hanya biyu na gani, duka ba masu kyau ba. Ko ki ɓoye shi ki maido mini, in sa masa dubu ɗari biyar da arba'in da 'yan kai, ba wanda zai gane, sai dai tafiya da dawowa wata guda ne. Ko kuwa in idon bai kama ƙananan lambobi ba, ki sa Mani ya ɗaura, ke ki karanta masa irin wannan lambar. Zai ji daɗi, bai san komai ba. Na san abin da nake roƙonki. Abin da ya raba ni da shi ne nake ce miki ki taya ni. Amma ba na so abu na ƙarshe da zai gani daga hannuna ya zama wannan.

Na yi sabuwar waya, lambar tana bayan takardar nan. Don Allah kada ki kira ni a gabansa.

Nathanaël

Dogon Dutsi, 28 ga Mayu

Nathanaël,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. An yi ruwan farko ranar Lahadi, mutane sun fita shuka. Na ga kiranka sau bakwai ban ɗauka ba, da gangan ne. Haushinka nake ji, kuma ba na son in faɗa maka maganar da zan zo ina cizon yatsa. Yanzu na huce kaɗan, ga abin da ya faru.

Tablon ya iso da takardarka, na karanta na zauna a ƙasa. Na tura kwalin ƙarƙashin gadona na ce wa Baba Luƙman bai dawo ba. Sai ta biyun ta zo da shawarwarinka. Maidowa ban yi ba, don wata guda ya yi yawa. Ɗaurawa ma na kasa. Haka na yi ta jan ƙafa har mako biyar, kullum da safe Baba ya tambaya, kullum in ce tukuna. Ka ga ni ma na shiga sana'arku ba tare da na koya ba. Laifin makonnin nan nawa ne, ba naka ba, kuma a cikinsu idon ya ƙara tafiya.

Ranar Litinin ina ɗiga masa magani ya kama hannuna. Ya ce, "Luƙman ya gaishe ni bakin majami'a tun watan jiya. Mi kika ɓoyo?" Na ce tablon yana ƙarƙashin gadona. Ya ce, "Kira Mani."

Washegari da sassafe Mani ya zo ya ɗaura, Abdurrahman yana riƙe masa wayoyi. Baba ya sa rigarsa ta zuwa sujada. Muka kama shi ya zauna a kujerar direba, ya lalubo makulli da kansa ya murɗa. Aikinka ya yi kyau, wannan ba zan hana ka ba. Tagar ta kawo haske tas, kowace lamba a cike. Baba ya sunkuya har hancinsa ya taɓa gilashin. Ya juya kai dama, ya juya hagu, ya daɗe a haka. Sai ya ɗago ya ce, "Ina ganin haske, ban ganin baƙi. Salomé, karanta min."

Lambarka ta dubu ɗari biyar da arba'in tana kan harshena, na kwana ina maimaita ta. Mani ya ga lambar da ke tagar, ya sunkuyar da kai. Na dubi Baba ya buɗe kunne kamar yaro a aji, hannunsa biyu bisa sitiyari. Na kasa, Nata. Na ce a raina in zai yi fushi ya yi a kan gaskiya. Na fara karanta abin da ke wurin, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Biyu. Takwas. Bakwai."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Huɗu. Ɗaya. Shidda."

Na sake dubawa. Haka take, 287416. Na ce ko idon ya buɗe ne. Abdurrahman ya ce, "Baba Danyel, kana gani ke nan?" Baba ya ce musu su ba mu wuri. Da suka tafi ya shiga shafa sitiyarin.

Can ya ce, "Ran da nik kai ƙanenki tasha. Munka zamna cikin motag ga muna jiran bas ta cika. Shi bai dube ni ba, ni ban dube shi ba. Lambag ga munka duba, mu biyu, har anka kira su." Ya ce bayan bas ɗinku ta tashi ma bai iya tada motar ba, ya zauna yana kallonta har masu tasha suka zo suka tambaye shi ko lafiya.

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar da Inna ta rasu. Ranar Talata na sake gani. Ni ma na yi kuka na gode Allah, har mai fura ta leƙo.

Na ce masa zan rubuta maka, me zan ce. Ga maganarsa yadda ya faɗe ta, ban ƙara ba ban rage ba: "Ki ce mishi ya cinye min hanyar shekara bakwai. Na san wadda yac cire, wadda niy yi ba shi cikin gida ta. Amma ƙarya ba ta zama gaskiya don ta yi min daɗi. Shi taho in hwaɗa mishi haka da bakina, tun ina iya ganin inda hancinai yake."

Na ce ko in kira ka a waya ya faɗa maka. Ya ce muryarka ba ta gudu, ko ya makance zai ji ta.

Yanzu kullum da safe sai ya sa na kai shi ya zauna a motar. Ba ya kunna ta, zama kawai yake yi. In na tsaya dab da shi da hasken safiya yana gane fuskata, in na ja da baya taku biyu na zama inuwa. Iyakar abin da ya rage ke nan, ka auna da kanka.

Tambaya ɗaya nake da ita. Ka san abin da ka sa, ko wannan ma hannunka ne ya danna?

Yayarka,
Salomé

Kwatano, 8 ga Yuni

Yaya Salomé,

Na gaishe ki, na gaida Baba. Barkanku da ruwa. Na ɗauki waya sau da yawa in kira, sai in ajiye, shi ya sa na rubuta. Luƙman zai riga ni tashi da kwana huɗu, ba shi da kaya wannan karon, ba zai daɗe a bakin kogi ba.

Na sani. Da injin ya ce in sa sabuwar lamba, na zauna na rasa wadda zan ba motar Baba. Ita kaɗai ce a kaina. Shekara tara ina ɗauke da ita, ban taɓa sa wa motar kowa ba. Na ɗauka ni kaɗai na gan ta ranar. Na ɗauka shi hanya yake kallo yana jira in sauka.

Ina tafe da injina. Irin motar nan wani lokaci ƙwaƙwalwar injinta ma tana riƙe da ƙidayarta daban, sai an jona a jikin motar ake karantawa. In lambar gaskiya tana nan, zan maido ta a gabansa in karanta masa da bakina. In ba ta nan, zan ce masa ba ta nan, ba zan ƙirƙiro wata ba. Faɗan da zai yi mini kuma ya yi, na daɗe ina bukatarsa.

In Allah ya yarda zan ƙetare kogi ranar Laraba, in kwana Dosso, in shigo motar farko ranar Alhamis don in iso da hasken safiya. Alfarma ɗaya nake nema. Ki ce wa Mani ya duba mai da tayoyi ya tada motar, ya kawo Baba tasha a cikinta, ya tsaya inda muka tsaya. Baba ya zauna gaba. Zan buɗe ƙofa in shiga in matso dab da shi yadda kika ce. Wannan karon ba tablo zan kalla ba.

Ƙanenki,
Nathanaël